Baƙi Goma a Tsibiri: Tambayoyi da Amsoshi kan Fim ɗin And Then There Were None na 1945

Mun tattaro a nan tambayoyin da masu kallo suka fi yi game da wannan tsohon fim. Kashin farko bai tona ƙarshen labari ba. Inda tonon asiri zai fara akwai gargaɗi, don wanda bai kalla ba ya tsaya daga nan.

Wane fim ne wannan, kuma su wa suka yi shi?

Fim ne na Amurka marar kala, fari da baƙi, da ya fito a ƙarshen watan Oktoba na 1945. Tsawonsa minti 97. An ɗauko labarin daga littafin Agatha Christie, marubuciyar Ingila, wanda aka fara bugawa a Landan a Nuwamba 1939, kuma an sayar da kwafinsa sama da miliyan 100. Darakta shi ne René Clair, Bafaranshe da ya zauna Amurka a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, kuma wannan ne fim na ƙarshe da ya yi a can kafin ya koma gida. Dudley Nichols ya rubuta tsarin fim ɗin, Harry Popkin ya shirya, kamfanin 20th Century Fox ya rarraba. A 1946 ya ci babbar kyauta a bikin fina-finai na Locarno, a ƙasar Suwizalan.

Mene ne labarin, ba tare da an tona ƙarshe ba?

Mutum takwas da ba su san juna ba sun sami gayyata zuwa wani gida da ke kan tsibiri a gaɓar tekun Devon, kudu maso yammacin Ingila. Mai ƙaramin jirgin ruwa ya kai su ya juya. A gidan suka tarar da ma'aikata biyu, miji da mata, su ma ba su taɓa ganin maigidan ba. Sunan da ke kan takardun gayyata shi ne U. N. Owen. Bayan abincin dare aka sa faifan garmaho, wata murya ta kira sunan kowa ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi ran da ya salwantar ba tare da shari'a ta taɓa shi ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, nan take falon ya hargitse. Kafin a kwanta mutum na farko ya faɗi matacce. Da aka bincike tsibirin kaf ba a ga kowa ba, sai magana ta fito fili cewa Owen ɗin yana cikinsu.

Su wane ne mutum goman, kuma da me ake tuhumarsu?

Wanda ya riƙe wannan tun farko ya fi jin daɗin kallon, domin muryar faifan da sauri take karanto tuhumar.

Alƙali Quinncannon, wanda Barry Fitzgerald ya fito a matsayinsa, an ce ya yanke wa wani mai suna Edward Seton hukuncin rataya ba da haƙƙi ba. Likita Armstrong, wato Walter Huston, ya yi wa wata mata tiyata yana buge ta mutu. Blore, ɗan sandan ciki, Roland Young ke nan, ya yi shaidar zur aka ɗaure wani har ya mutu a kurkuku. Janar Mandrake, C. Aubrey Smith, ya tura wani hafsa bakin mutuwa saboda yana neman matarsa. Yarima Starloff, Mischa Auer, ya take mutum biyu da mota. Emily Brent, Judith Anderson, ita ce sanadin mutuwar wani yaro ɗan'uwanta da ta sa aka kai gidan horo. Rogers da matarsa, Richard Haydn da Queenie Leonard, ana zarginsu da mutuwar tsohuwar da suke yi wa aiki. Vera Claythorne, sakatariya, June Duprez, an ɗora mata kisan saurayin 'yar'uwarta. Philip Lombard kuwa, Louis Hayward, an ce shi ya jawo mutuwar mutum 21 'yan Afirka ta Gabas.

Laifin Lombard shi ne mafi yawan rayuka, kuma shi ne wanda labarin ya fi yi wa riƙon sakainar kashi. A littafin ya amsa cewa ya kwashe abincin mutanen ya gudu ya bar su a daji, ya kuma faɗa ba tare da nadama ba. Christie ta lissafa shi cikin masu kisa kamar kowa, wannan gaskiya ne. Amma fim ɗin ya ambaci mutum 21 ɗin sau ɗaya ko biyu ya wuce, babu suna, babu fuska, alhali sauran mamatan kusan duk an kira sunayensu. Mai kallo ɗan Afirka zai lura da wannan, kuma yana da dalilin lura.

Me ya hana su gudu ko neman taimako?

An toshe ƙofofi huɗu, kuma fim ɗin ya nuna toshewar kowace. Babu waya a gidan. Babu jirgi a tsibirin, mai jirgin kuma sai Litinin zai dawo. Teku ta yi fushi, ga nisa, iyo ba zai yiwu ba. Ta huɗu ita ce bincike: mazan sun zagaye gida da duwatsu sun tabbatar babu maɓoya. Wannan ta huɗun ta fi sauran muhimmanci. In ba a yi ta ba, mai kallo zai riƙa tsammanin wani baƙo na laɓe a kogo, hankalinsa ya bar fuskokin mutum goman da ake so ya zarga.

A littafin an ƙara wata: wani dillali mai suna Isaac Morris, wanda ya sayi tsibirin a madadin Owen, ya riga ya shaida wa mutanen ƙauyen da ke gaɓa cewa kada su kula da kowace alamar neman agaji daga can.

Mene ne amfanin waƙar yaran da 'yan mutum-mutumin da ke kan tebur?

Agogon labarin ke nan. Waƙar tana lissafa yara goma da ke raguwa ɗaya ɗaya, kowane baiti da irin tasa mutuwar: shaƙewa, barci, saran itace, harbin kudan zuma, shari'a, teku, har zuwa igiya. A kan teburin cin abinci akwai 'yan mutum-mutumi goma, duk wanda ya mutu sai a tarar an karya ɗaya. Abu uku wannan ke yi. Yana gaya wa mai kallo saura nawa ba tare da wani ya buɗe baki ba. Yana gaya masa irin mutuwar da ke tafe amma ya ɓoye masa wanda za ta faɗa wa. Yana kuma nuna cewa mai kisan na yawo a gidan yadda ya ga dama, tunda ko an kulle ɗakin sai a tarar adadin ya ragu.

Clair ya sa yarima ya zauna gaban fiyano ya rera waƙar tun daren farko, don baitocin su shiga kunne kafin a buƙace su. Waƙar kuma ita ce kiɗan da ke bin fim ɗin daga farko zuwa ƙarshe.

An ce asalin sunan littafin na cin mutunci ne. Haka ne?

Haka ne. Sunan da aka buga shi da shi a Ingila a 1939 yana ɗauke da kalmar zagi da ake jifan baƙar fata da ita, an samo ta daga wata waƙar dandamali ta wajen 1869, irin wadda Turawa kan shafa baƙi a fuska su rera. Masu bugawa a Amurka sun ƙi sunan tun 1940, suka ɗauki layin ƙarshe na waƙar ya zama suna. Fim ɗin 1945 ya yi amfani da yaran Indiyawan Amurka a madadin, wanda shi ma daga baya aka ga bai dace ba. A Ingila tsohon sunan ya ci gaba da fitowa har 1985, a Faransa kuwa sai 2020 aka sauya. Bugun yanzu na cewa sojoji goma, tsibirin ma an mai da shi na soja.

Fim ɗin ban tsoro ne? Za a iya kallonsa da iyali?

Ba a nuna sara ko jini. Kusan duk kisan a bayan kyamara yake faruwa, sai dai a ga ƙafa, ko hannu, ko fuskar wanda ya tarar da gawa. Akwai shan giya da yawa, akwai igiyar rataya a kashin ƙarshe. Raha ma tana da yawa, fiye da yadda mai karatun littafin zai zata. Ƙananan yara dai za su gaji, domin magana ce ke tafiyar da shi.

Wane kwafi ya kamata in nema? Na ga iri-iri a intanet.

Dalilin yawansu shi ne dokar Amurka ta wancan zamani ta ce a sabunta rajistar haƙƙin mallaka bayan shekara 28, ba a kuwa sabunta ta wannan fim ba, sai ya zama na kowa a can. Kowa ya sami tsohon kaset sai ya ɗora. Ga abin dubawa kafin a ƙona data.

Tsawo. Cikakke minti 97 ne. Wanda aka kwafo daga faifan Turai zai nuna wajen minti 93, domin can hoto 25 ake gudu a daƙiƙa maimakon 24, ba yanka aka yi ba. Wanda bai kai minti 90 ba an yanke shi.

Faɗin hoto. An ɗauki fim ɗin a tsohon ma'auni, 1.37 bisa 1, kusan murabba'i. Dole a ga baƙin gefe hagu da dama. In hoton ya cika allon waya dam, ko dai an ja shi fuskoki sun kumbura, ko an datse sama da ƙasa, teburin mutum-mutumin ya fita daga hoto.

Duhu. A tura gaba zuwa wuraren da wuta ta ɗauke aka kunna kyandir. In fuska ta narke cikin baƙi ba a bambance wanda ke tsaye, a bar kwafin, domin a nan ne muhimman abubuwa ke faruwa. A nemi 720p ko sama. Waɗanda aka shafa wa kala da kwamfuta suna kashe inuwa, inuwa kuwa ita ce rabin aikin mai ɗaukar hoto, Lucien Andriot.

Sauti. Tsofaffin kwafi na da shuu a bayan magana, abin sawa a kunne na taimakawa. Rubutun ƙasa da na'ura ke yi da kanta yana ɓata sunaye, musamman lokacin faifan garmaho.

Gargaɗi: daga nan zuwa ƙasa an tona komai.

Yaya jerin mutuwar yake a fim ɗin?

Yarima ne farko, guba a cikin abin sha. Matar Rogers ba ta farka daga barci ba. Janar an soke shi da wuƙa a baya. Sai aka kaɗa ƙuri'ar sirri kan wanda aka fi zargi, Rogers ya sami biyu, ya yi fushi ya koma ɗakin itace ya kwana, da safe aka tarar an sare shi da gatari. Emily Brent allura ce, kuma kyanwar gidan da ke wasa da zaren saƙarta ita ta ja mutane zuwa gawar. Daga nan Vera ta hau sama, ciyawar teku da aka rataya a ɗakinta ta shafe ta cikin duhu, ta kwarma ihu, kowa ya ruga, aka ji ƙarar bindiga, aka dawo aka tarar da alƙali da rauni a ka. Likita ya ɓace a daren. Blore ginin dutse aka turo masa daga sama, daidai lokacin da yake hangen wani abu a bakin ruwa. Abin da ya hango gawar likita ce. Saura biyu.

To wa ya yi kisan, kuma ta yaya ya ɓuya?

Alƙali ne. Ciwon ajali ya kama shi, ya ƙudurta hukunta waɗanda doka ta kasa kamawa kafin ya tafi. Duk dabarar labarin a kan abu ɗaya take tsaye, wato mutuwarsa ta ƙarya, sauran komai an gina shi ne don ya kare ta.

Matakan huɗu ne. Na farko, ya jawo likita jiki. A ɗakin wasan biliyad, lokacin da wuta ta yi rauni suka kasance su biyu cikin tsoron juna, a nan amana ta ƙullu. Ya nuna masa cewa in aka ɗauka alƙali ya mutu, zai sami damar yawo a ɓoye ya kama mai kisan. Na biyu, ya shirya abin da zai kwashe kowa daga wurin a lokaci guda, wato ciyawar teku a ɗakin Vera. Na uku, ya tabbatar mutum ɗaya ne zai duba gawar, kuma wanda ba a musa wa magana a kan gawa. Likita ya ce ya mutu, wa zai ce a'a? Na huɗu, ya kawar da likitan a daren, domin shi kaɗai ya san gaskiya. Da ɗan gari akan ci gari.

A littafin an ƙara wa abin ado. Jan labulen banɗaki da zaren ulu mai ruwan toka na Emily Brent sun ɓace tun da wuri, sai ga su a jikin alƙali a matsayin alkyabbar kotu da hular gashi, ga kyandir na ci a gefensa. Ido na kan wannan shiga mai ban tsoro, ban da likita babu wanda ya yi tunanin taɓa jijiyar hannunsa.

Akwai kuma dabarar da ba a cikin labari take ba. A farkon 1945 Barry Fitzgerald ya ci kyautar Oscar saboda fitowa a matsayin tsohon limamin coci mai taushin hali, masu kallon lokacin da wannan fuskar suka san shi. Judith Anderson kuwa an san ta da fitowa a muguwar mai kula da gida tun 1940. Clair ya bar sanin da mutane suka yi wa 'yan wasan ya karkatar da zargi.

An yi wa mai kallo adalci? Me zan duba a kallo na biyu?

An yi, ko da yake fim ɗin ya fi littafin rowar alamu. A duba wanda ya fara cewa Owen yana cikinsu, da wanda ke jan ragamar kowane zama kamar yana kotu. A duba wanda bai hau bene ba lokacin ihun Vera. A duba wanda ya matsa kusa da gawar alƙali da waɗanda suka tsaya nesa. A tuna kuma cewa baitin da ya faɗa kan likita yana maganar wani kifi da ya haɗiye yaro, wanda a Turanci kinaya ce ta yaudara, ma'ana an riga an sanar cewa wanda zai mutu a nan ruɗarsa aka yi. A kan akwatin Lombard kuma akwai haruffan da ba na sunansa ba.

Wurin da ya fi nuna gwanintar Clair shi ne inda ake leƙen juna ta kafar makulli, wannan na leƙen wancan, wani kuma na bayansa yana leƙensa. Clair ya taso ne a zamanin fim marar magana. Shi ya sa ma buɗewar fim ɗin, a cikin jirgi, ta gabatar da halin mutum takwas kusan ba tare da kalma ba.

Me ya sa ƙarshen fim ya saɓa da na littafi?

A littafin babu wanda ya tsira. Vera ta harbe Lombard da gaske, ta koma ɗaki ta tarar da igiya, nauyin laifinta ya kai ta gare ta. 'Yan sanda suka zo suka tarar da gawa goma da abin da ya gagari hankali: an mayar da kujerar da ta taka jikin bango, alamar wani ya rayu bayanta. Ba a warware ba sai da masunta suka tsinci kwalba ɗauke da takardar iƙirarin alƙali.

A fim, mutumin da ake kira Lombard ya ce sunansa Charles Morley, abokin Lombard ne, Lombard na gaskiya ya kashe kansa, shi kuma ya zo a madadinsa ya gano dalili. Vera ma ba ta yi kisa ba, laifin 'yar'uwarta ta ɗauka. Suka shirya ta yi harbin ƙarya. Alƙali ya bayyana mata komai, ya sha guba, sai Morley ya shigo da ransa.

Ba Clair ne ya fara wannan sassauci ba. Christie da kanta ta mai da littafin wasan dandamali a 1943, ta bar Vera da Lombard da rai, ta dogara da wani tsohon zubin waƙar da ke ƙarewa da aure. Lokacin yaƙi ne, kuma a dandamali ana buƙatar wanda zai tsaya ya yi bayani. A ganinmu ƙarshen littafin ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, domin can kowa na da laifi, tsoron kuma daga cikin zuciya yake fitowa. Da zarar an wanke mutum biyu, alƙali ya tashi daga mai hukunci marar tausayi ya koma mai kuskure, sunan fim ɗin ma ya daina zama gaskiya. Duk da haka sauyin ya kawo abu guda mai kyau: wanda ya yi ƙaryar mutuwa, da ƙaryar mutuwa aka kama shi.

Akwai wasu sauye-sauyen?

Akwai, yawancinsu saboda dokar tace fina-finai ta Hollywood da aka tsaurara tun 1934. A littafin Vera ta bar wani yaro, Cyril, ya nutse don saurayinta ya ci gado. Emily Brent kuwa ta kori 'yar aikinta da ta yi cikin shege, yarinyar ta faɗa ruwa. Kisan yaro da cikin shege ba su wuce wa masu tacewa a lokacin, sai aka musanya. Anthony Marston, matashin Bature da ya take yara biyu, ya zama yariman Rasha. Alƙali Wargrave ya zama Quinncannon. Janar ɗin littafi sunansa Macarthur, sunan da a 1945 duk duniya ta san shi da babban kwamandan Amurka, aka mai da shi Mandrake.

Ina shirin alƙalin zai iya rushewa da a gaske ne?

Wurare da dama. Da mutum ɗaya ya sa hannu a wuyansa, ko ya lura da numfashi lokacin da ake ɗaukarsa, an gama. Da likita ya faɗa wa wani sirrin, an gama. Da sauran sun zauna ɗaki ɗaya, sun jingina da bango, suna cin abincin gwangwani har Litinin, babu abin da tsoho marar lafiya zai iya. Abin da ya hana haka shi ne kowa na ɓoye laifinsa, don haka kowa na gudun idon kowa. Rashin yardar ne ke raba su, ba wauta ba, kuma wannan ne ya sa labarin ya tsaya da ƙafarsa. Turo ginin dutse daga sama ya faɗa daidai kan mutum shi ne kisan da ya fi dogara da sa'a.

Waɗanne fina-finai aka sake yi daga wannan littafi?

Furodusa Harry Alan Towers shi kaɗai ya yi uku. Na 1965 ya kai baƙin wani gida a tsaunukan Ostiriya cikin dusar ƙanƙara, har ya tsayar da fim na minti ɗaya kafin ƙarshe don masu kallo su yi hasashe. Na 1974 ya kai su otal a hamadar Iran, da Oliver Reed da Richard Attenborough, muryar mai tuhuma kuwa ta Orson Welles ce. Na 1989 ya mai da abin sansanin farauta a Afirka, shi ne mafi rauni. Duka ukun sun bi ƙarshe mai sassauci.

Wanda ke son ƙarshen littafi ya nemi na Tarayyar Sobiyet na 1987, wanda Stanislav Govorukhin ya ba da umarni, aka ɗauki wasu sassansa a Kirimiya, ko kuma na BBC mai kashi uku da aka nuna a Disamba 2015, Sarah Phelps ta rubuta, Charles Dance ya fito a alƙali. Na BBC yana da jini da zafin harshe, ba na yara ba ne. Shawararmu a fara da na 1945, a karanta littafi, sannan a kalli ɗaya daga waɗannan biyu.

Gaskiya ne akwai na Indiya?

Gumnaam, na 1965, Raja Nawathe ya ba da umarni, da Manoj Kumar, Nanda, Pran, Helen da Mehmood. Masu son tsofaffin fina-finan Indiya za su gane ƙashin labarin nan da nan: mutane sun ci gasar tafiya, jirgin sama ya sauke su a wani wuri ya tashi ya bar su, suka sami wani gida, aka fara ɗaukarsu ɗaya ɗaya. An ƙara waƙoƙi da barkwanci, an sauya dalilin kisan ya zama ramuwa.

Ina so in shirya fim irin wannan. Me zan kiyaye?

Fara da haƙƙi. Fim ɗin 1945 ya zama na kowa a Amurka, littafin bai zama ba. Christie ta rasu a Janairu 1976, kuma a ƙasashen da ke ƙirga shekara 70 bayan rasuwar marubuci, Ingila da Nijeriya na ciki, kariyar na nan har ƙarshen 2046. Kamfanin Agatha Christie Limited ke kula da izini. Zubin baƙi da aka yanke wa hanya ba mallakar kowa ba ne, amma mutane, laifuka, waƙa da dabarar ɓuya su zama naka.

Sai lissafin lokaci. A fim na minti 95, in gabatarwa ta ci 20, warwara ta ci 10, saura 65. Mutuwa takwas a ciki na nufin ɗaya duk minti takwas, wanda ba ya barin wurin sanin mutane. Mai ƙaramin jari ya rage zuwa mutum shida ko bakwai. Kada kuma tazarar ta zama daidai: a jera biyu kusa da juna, a ja dogon numfashi, sannan a hanzarta.

Abubuwan da suka fi ɓata irin wannan fim sanannu ne. Ba a magance wayar hannu ba, ko an magance ta da jimla ɗaya da babu mai gaskatawa, alhali ya kamata a nuna ana nema ana rasawa. Ba a zana taswirar gidan ba, sai mai kallo ya kasa sanin ko za a iya zuwa daga kicin zuwa bene cikin minti biyu. Kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, a zana gidan a takarda, a yi jadawali mai nuna inda kowane mutum yake a lokacin kowane kisa, har da mai kisan. 'Yan wasa sun yi kama da juna a shekaru da sutura da murya, sai a mutu ba a san wa ya mutu ba. A ba kowa abu ɗaya da ido zai riƙe, kamar yadda Clair ya ba Emily Brent saƙa, ya ba likita kwalba. An ba babban jarumi matsayin mai kisa ba tare da an rufe shi ba, ko kuma an ɗauko wanda ba a taɓa nunawa ba a minti na ƙarshe, wanda cin amanar mai kallo ne. Mutane na fita su kaɗai ba dalili, alhali kowane fita na buƙatar uzuri daga halin mai shi, fushi ko kunya ko sirri.

A wurin ɗauka kuma a naɗa mutum ɗaya aikinsa kawai ƙirga abin da ke raguwa a kan tebur. Ba a ɗaukar fim bi da bi, ana iya ɗaukar fitowa ta 40 kafin ta 12 a ɗaki ɗaya rana ɗaya, kuma in mutum-mutumi bakwai suka bayyana a inda ya kamata a ga biyar, sai dai a sake kiran 'yan wasa a sake ɗauka.